Kiɗan Barci Ko Rarrashi?

Duk wanda ya buɗe YouTube ko Spotify da dare yana neman abin da zai sa shi barci zai tarar da kasuwa guda: sautin ruwan sama na awa goma, piyano mai tafiyar hawainiya, igiyar teku, wani ma ƙarar fanka kawai aka naɗa. Turawa sun tattara su duka ƙarƙashin suna ɗaya. In aka ce a mayar da sunan Hausa, abin da ke fara zuwa baki shi ne "kiɗan barci", kuma da an faɗa sai kunne ya ji banbaraƙwai, wai namiji da suna Hajara.

Kunnen yana da gaskiya. Bahaushe yakan raɗa wa kiɗa suna ne da mutumin da ake so a zaburar. Gangar noma ta manoma ce, a buga ta a gonar gayya ƙarti su manta da rana. Kalangu na mahauta ne da 'yan dambe, dundufa ta maƙera, komo na maharba, tambari na sarki. Kowane gwani da takensa, wanda in ya ji ko yana kwance sai ya miƙe, wani har tsuma yake yi. Ƙamus ɗin kalmomin kiɗan Hausa da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971 cike yake da irin waɗannan sunaye: na ganguna, na masu su, na bukukuwan da ake buga su. Hatta wasan da yara da samari ke yi da dare a watan azumi sunansa tashe, kuma yadda ake faɗa, asalinsa tayar da mutane ne su yi sahur. Muna da kiɗan tashi da sunansa da lokacinsa. Na kwanciya ne ba a taɓa yanka masa rago ba.

Ita kanta kalmar "kiɗa" daga "kaɗa" ta fito. A kaɗa ganga, a kaɗa nono, iska ta kaɗa bishiya, hantar mutum ta kaɗa in ya firgita. Motsi ne ko'ina. Kuma ba mu da kalma ɗaya da ta rufe abin da Turawa da Larabawa suka aro wa suna daga Girkanci, wato musiƙa: namu a rarrabe yake, kiɗa daban, busa daban, waƙa daban. Sarewar makiyayi da yamma tana iya sanyaya jiki, amma busa ce, ba wanda zai ce mata kiɗa.

Wasu sukan kauce su ce "kiɗa mai taushi". Wannan ya fi, sai dai a yi hattara kada baki ya zame a ce kiɗan taushi, domin taushi ganga ce ta fada, wadda ake bugawa da yatsu, ita ce ta Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, da Sarkin Taushin Katsina. Aikinta wasa sarakuna da tuna musu kakanni mayaƙa. Wanda ya sa wannan a kunne da tsakar dare, Allah ya ba shi sa'a.

To amma ai muna sa yara barci da murya tun fil azal. Ka tsaya ka kalli uwa ko 'yar reno ranar da yaro ya ƙi barci. Za ta sunkuya ta ɗora shi a baya, ta ja zani ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara majanyi. Sai ta fara zagaya tsakar gida, tana ɗan risinawa tana miƙewa, hannu ɗaya ya zagaya baya yana bubbuga mazaunan yaron a hankali. Waƙar daga baya take shigowa, rabinta ma a hanci take, layi ɗaya ko biyu ana ta nanatawa, kuma tafiyarta daidai take da tafiyar ƙafar. Tun yana tsala kuka har ya koma ajiyar zuciya, can sai kai ya langaɓe gefe. Ita ba ta ganinsa. Nauyinsa take ji ya sauya a bayanta, sai ta rage murya, amma ba ta tsayawa nan take, don ta san in ta tsaya cak zai farka.

Ba mai kiran wannan mata makaɗiya, ba mai yi mata kari. Waƙar ana ce mata waƙar reno, aikin kuma rarrashi, ko lallashi a wani bakin. A ganina wannan kalmar ce ta fi dacewa da duk abin da ake sayarwa yau a waya, kuma sauran harsuna ma kusan nan suka dosa. Bafaranshe yana ce wa waƙar "berceuse", daga aikatau mai nufin jijjiga yaro. Bajamushe yana cewa "Wiegenlied", waƙar gadon lilo, sunan da Brahms ya bai wa shahararriyar waƙarsa ta 1868. Balarabe yana da "hadhada", wadda ita ma jijjigawar ce. Wani rukunin kuma sautin bakin uwar kawai ya kwaikwaya: "lullaby" a Turanci, "ninni" a Turkanci, "nana" a Sifaniyanci. Babu ɗaya a cikinsu da ya yi alkawarin magani. Ko dai sun ambaci motsin jiki, ko sautin da ba shi da ma'ana. A Jeneba ta ƙasar Suwizalan, masu bincike sun kwantar da manya a kan gado mai lilo sau ɗaya cikin daƙiƙa huɗu, a 2011 da kuma 2019, suka ga barci ya fi saurin ɗaukarsu. A Jami'ar Harvard kuma, a 2020, an sa wa jarirai 144 na Amurka waƙoƙin reno na wasu al'ummu cikin harsunan da ba su taɓa ji ba, bugun zuciyarsu ya ragu fiye da yadda ya yi da aka sa musu waƙoƙin da ba na reno ba. Ma'anar kalmomin ba ta shiga lissafi ba ke nan.

Rarrashi yana da wata siffa da ya kamata a lura da ita: ba a rarrashin sai wanda ba a iya tilasta wa. Haka Hausa ta ɗauki barci. Muna cewa "na yi barci", amma in ana maganar lokacin da ya zo, sai jimlar ta juye, barci ya zama mai aikin. Barci ya ɗauke ni, ya kwashe shi, ya sace ta, ya ci ƙarfinsa. In bai zo ba, shi ne ya ƙaurace wa ido, shi ne ya gagara. Barci ɓarawo ne, in ji mutane, kuma ɓarawo ba ya shiga gidan da maigadi ke zaune ido biyu yana jiran sa. Wannan shi ne halin mai fama da rashin barci: yana kwance yana gadin barcinsa, yana duba agogon waya, yana lissafin awa nawa suka rage kafin asuba. Likitocin barci sun daɗe da gane cewa yawancin masu wannan matsala ba gajiya suka rasa ba. Jiki da ƙwaƙwalwa ne suka ƙi sauka, zuciya na bugawa da ɗan sauri, tunani na ta kai-kawo. Mu kuwa mun riga mun ce hankali yana tashi, yana kuma kwanciya, kuma sai ya kwanta kafin mai shi ya samu nasa. Aikin sauti mai sanyi bai wuce ya janye maigadin daga bakin ƙofa ba.

Matakan shiga barci ma muna da sunayensu: angaje, gyangyaɗi, runtsawa, barci mai nauyi, sai magagi in an tashi mutum bai shirya ba. A Sakkwato da maƙwabtanta "kwana" ake cewa, mutum ya ce yana jin kwana. Larabci ya fi mu ƙwalisa a nan, domin Sa'alabi, malamin lugga na Naisabur da ya rasu a 429 bayan Hijira, ya jera sunayen matakan barci fiye da goma a littafinsa Fiƙhul Lugga, tun daga nu'as da wasan har zuwa ruƙad da hujud. Daga wannan hujud ɗin ne aka samo tahajjud, wato yakice barci don a yi salla.

Inda muka yi ƙaranci shi ne sunan cutar. "Rashin barci" buhu ne mai ɗaukar komai: wanda sauro ya hana, wanda zafin watan Afrilu ya kora tsakar gida, mai jego, maigadi, wanda janaretan maƙwabci ke kuka a kansa, duk suna ciki. Da aka tashi haɗa sunan cuta da barci a Hausa, ta yawan barci ce ta samu, ciwon barci na ƙudan tsando, wanda a zamanin Turawa ya sa aka tayar da ƙauyukan yankin Anchau aka kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Likita kuwa in ya ce "insomnia", kalmar Latin mai nufin babu barci, yana nufin abu ƙayyadadde. Mutum yana da wuri da lokaci da damar barci, amma ya kasa farawa, ko yana yawan farkawa, ko ya farka tun kafin asuba ya kasa komawa. Abin yana taɓa aikinsa da rana. In ya kai dare uku a mako har wata uku, ya zama mai naci, kuma kusan mutum ɗaya cikin goma na manya yana wannan aji. Sharaɗin samun dama ɗin nan shi ne ginshiƙi. Wanda sauro ke ci, gidan sauro yake bukata.

Ga wanda ya cika sharaɗin, me aka gano? Cibiyar Cochrane, wadda aikinta tace binciken likitanci, ta haɗa gwaje-gwaje 13 da suka ƙunshi mutum 1,007 a bitarta ta 2022. An sa su sauraron kiɗa na minti 25 zuwa 60 kullum, wasu kwana uku, wasu har wata uku. Sakamakon ya ce "ingancin barci" ya ƙaru. Wannan sunan ma yana son a kwance shi. Ingancin barci a nan takardar tambayoyi ce da aka tsara a Jami'ar Pittsburgh a 1989, mutum ya amsa da kansa, a ba shi maki daga 0 zuwa 21, mai yawan maki shi ne mai wahala. Masu sauraro sun sauka da kusan maki uku. Amma a 'yan gwaje-gwajen da aka auna barcin da na'ura, ba a ga wani sauyi a fili ba. Wasu za su ce ashe ruɗu ne. Ban yarda ba. Ita cutar ma da bakin mai ita ake gane ta, ba a gwajin jini. Wanda ya kwanta minti arba'in yana juyi da fargaba, da wanda ya kwanta minti arba'in yana bin sauti hankalinsa kwance, na'ura za ta ba su lamba ɗaya, amma ba dare ɗaya suka kwana ba.

Masu binciken sukan kira abin da suke sawa da sunan da ake kiran ƙwayoyin kwantar da jijiya, su ce kiɗa ne mai kashe jiki. A wani gwaji da aka yi a Taiwan a 2005, kan dattawa 60, an fassara wannan da bugu 60 zuwa 80 a minti, kusan tafiyar zuciyar mai hutawa, ba hawa da sauka mai firgitarwa, minti 45 kafin barci har mako uku. Amfanin ya riƙa ƙaruwa mako bayan mako, abin da ke nuna sabo yana da hannu a ciki. Sai kuma masu bincike na Jami'ar Aarhus a Denmak suka leƙa abin da mutane ke sawa da kansu: waƙoƙi sama da 225,000 daga jerin barci kusan 1,000 a Spotify, a 2023. Yawancinsu masu sanyi ne, amma a ciki har da waƙar rawa ta ƙungiyar BTS ta Koriya. Wanda ya san waƙa ciki da bai, ba abin da za ta ba shi mamaki da shi, sai ta zame masa rarrashi ko da mai zafi ce. Sanin ma yana da nasa tarko. Akwai abin da Jamusawa suka raɗa wa suna tsutsar kunne, Turawan Ingila suka ara, wato waƙar da ke maƙalewa a kai tana ta juyawa. Wani gwaji a Jami'ar Baylor ta Amurka a 2021 ya nuna sanannun waƙoƙi masu kama baki suna iya biyo mutum har cikin barci su ɓata shi, kuma waɗanda aka cire wa murya aka bar kiɗan zalla sun fi yin haka.

Tsohon misali na yadda suna ke rufe gaskiya yana Jamus. A 1741 Johann Sebastian Bach ya wallafa wani kiɗa mai sauye-sauye 30, wanda duniya ta sani yau da sunan Goldberg. Bach bai sa masa wannan suna ba. A 1802, shekara 52 bayan rasuwarsa, marubucin tarihinsa Forkel ya kawo labarin cewa jakadan Rasha a fadar Saksoni, Keyserlingk, yana fama da rashin barci, yana da yaro makaɗi mai suna Goldberg da ke buga masa kiɗa daga ɗaki na kusa, shi ne ya roƙi Bach ya tsara masa wannan, ya biya da kofin zinariya cike da tsabar zinariya 100. Masana suna ɗaga gira, domin Goldberg yana ɗan shekara 14 a lokacin, kuma bangon littafin bai ambaci jakadan ba, alhali al'adar zamanin ita ce a rubuta sunan wanda ya biya. Ko a labarin ma, abin da jakadan ya nema shi ne kiɗa mai laushi da ɗan armashi da zai ɗebe masa kewa a dararen da ba ya barci. Abokin hira ya nema. Duk da haka har gobe ana sa kiɗan a jerin magungunan barci, ga shi kuwa wasu sassansa gudu suke kamar ana bin su.

Sunayen zamani sun fi wannan wayo, don rigar kimiyya suke sawa. Ɗauki abin da Turawa ke kira farin amo. Sauti ne shuuu, irin na rediyon da ke tsakanin tasha da tasha. An ce masa fari ne don ya haɗa dukkan matakan sauti, daga mai kauri zuwa siriri, da ƙarfi ɗaya, yadda farin haske ya haɗa dukkan launuka. A Hausa kuwa fari yana zuwa da guzurinsa, farin ciki, farin jini, farar aniya, sai fassarar ta ƙara masa albarkar da ba ya da ita. Akwai kuma mai ruwan hoda, wanda aka rage wa kaifi, ya fi kusa da ruwan sama a kan kwano. Na ukun ya fi ban dariya. Ana ce masa "brown", mutane suna ɗauka ruwan ƙasa ake nufi, har ana yi wa bidiyonsa fenti da launin. Sunan mutum ne: Robert Brown, masanin tsirrai ɗan Sikotland, wanda a 1827 ya ga ƙananan ɓurɓushi daga garin fure suna watsal-watsal a cikin ruwa ba tsari. Lissafin wannan motsi ne ke haifar da sautin, mai kauri, irin rugugin jirgin sama in kana ciki.

Yadda waɗannan ke aiki mun san shi ba tare da sunan ba. Mai kwana da fanka, in aka ɗauke wuta da ƙarfe biyun dare, yakan farka tun fikafikan ba su gama tsayawa ba, zafi bai ma shigo ɗakin ba tukuna. Nan take sai ya ji kare a layin baya, ya ji ɗigar famfo, ya ji tarin maƙwabci. Duk suna nan tun ɗazu, fankar ce ta lulluɓe su. Kunne ba ya barci, kuma abin da ke tayar da shi sauyi ne, ko na ƙara ko na shiru. Shi ya sa tsohon da ya yi barci da rediyo a kan ƙirji yake buɗe ido da an kashe ya ce wa ya taɓa masa. Wannan lulluɓewa ita ce amfanin amon, ko wane launi aka ba shi. Wata bita ta 2021 da ta duba bincike 38 a kan kwana da irin wannan sauti ta ce hujjar amfaninsa mai rauni ce ƙwarai. Ga jarirai kuma akwai abin tsoro: a Toronto, a 2014, an auna na'urori 14 da ake sayarwa don barcin jarirai, aka ƙure murya, aka tsaya nisan santimita 30. Dukkansu sun haura desibel 50 da aka ƙayyade wa ɗakin jarirai a asibiti, uku sun haura 85, matakin da ko ma'aikacin masana'anta ake ba shi abin toshe kunne.

Sai masu lamba. "Kiɗan delta" ya aro sunansa daga igiyar lantarkin ƙwaƙwalwa mai tafiya a hankali, ƙasa da sau huɗu a daƙiƙa, wadda ake gani a barci mai nauyi. Grey Walter ne ya raɗa mata suna a Ingila a 1936, kuma a lokacin ƙari a ƙwaƙwalwa yake nema da ita. Kunnen ɗan Adam ba ya jin abin da bai kai kaɗawa 20 a daƙiƙa ba, don haka ba wanda ya taɓa jin delta. Dabarar da ake yi ita ce a sa wa kunnen dama sauti mai kaɗawa 200, na hagu 203, sai kai ya ji kamar ana bugu sau uku, abin da Bajamushe Heinrich Dove ya gano tun 1839. Ko ƙwaƙwalwa tana bin wannan bugun har ta yi barci, sakamakon bincike ya saɓa wa juna. Abin da ba saɓani a kansa shi ne sai da abin sawa a kunne biyu, wanda ya ajiye waya a gefen matashi bai ma shiga gwajin ba. Lambar 432 kuwa, da ake cewa ita ce sautin halitta, ba ta wuce an ɗan sassauta tsirkiya ba daga 440 da aka daidaita a kai a wani taro da aka yi a Landan a 1939.

Mutane da yawa a ƙasar Hausa ba za su sa kiɗa a kunne lokacin kwanciya ba, saboda abin da suka riƙa daga malamansu, kuma ba su rasa komai ba. Ruwan sama da fanka ba kiɗa ba ne a kowace mazhaba. Wanda ya saba da azkar ɗin kwanciya, ya karanta Tabaraka, ko ya saurari ƙira'ar Husari ko Minshawi, ba zai yarda a kira wannan waƙa ba, balle maganin barci, kuma yana da gaskiya: ibada ce, natsuwar da ke biyo baya kari ce.

Kalmar da na fi ƙi a wannan kasuwa ita ce "magani". Jinya da kiɗa sana'a ce mai horo, an fara koyar da ita a matakin digiri a Jami'ar Jihar Michigan a 1944, kuma mai yin ta yana zama da majinyaci ne ido da ido. Bidiyon awa goma bai zama wannan ba don an rubuta kalmar a kansa. Ga mai rashin barci mai naci, abin da ƙungiyar likitocin cikin gida ta Amurka ta sa a gaba tun 2016, kafin ƙwaya, shi ne horon gyaran tunani da ɗabi'ar barci. Cikin ƙa'idojinsa akwai tashi a lokaci ɗaya kullum, ko an yi barci ko ba a yi ba, da kuma cewa in an kwanta kamar minti ashirin ido ya bushe, a bar gadon, a koma wani wuri mai ƙarancin haske, kada a dawo sai gyangyaɗi ya zo. A wannan zaman ne sauti mai sanyi ke da gurbi, murya ƙasa-ƙasa, waya a kife, an saita ta ta kashe kanta.

Akwai kuma wanda yake cewa ba ya samun barci alhali yana barcin awa takwas cur, ya tashi da ciwon kai, ya wuni yana angaje har a bakin sitiyari. In yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana ɗaukewa ya dawo da shaƙuwa, to maƙogwaronsa ne ke toshewa cikin barci, cutar da ke tafiya da hawan jini, kuma ba sautin da zai buɗe shi. Shi bai san yana yi ba. In za shi asibiti, ya tafi da wanda suke kwana ɗaki ɗaya, shi ne zai iya ba likita labarin.